Rabin Sa'a a Gaɓar Gash

Likita Awadiya ta kwance min abin awon jini,
ta ce: Baba, zuciyar nan ta gaji da zaman shago.
Ka riƙa taka ƙasa. Ban da hawa, ban da sauri,
rabin sa'a, inda hanya ta kwanta.
Na ce to. A raina ina dariya:
jikan wanda ya tako daga Haɗejiya da ƙafa
ake rubuta wa tafiya a takarda
kamar ƙwayar zazzaɓi.

Da aka sallame asuba
na ɗauki sandar da har yau ban yarda tawa ce ba.
Rumaisa ta rungumi gorar ruwa ta sha gaba,
shekara tara, ba ta san jira ba.

Gash ya ƙafe tun bayan kaka.
Yashi ne zalla, shimfiɗe daga gaɓa zuwa gaɓa,
da sawun jaki, da sawun akuya,
da takalmin wani ƙafa ɗaya
da ruwan bara ya kawo bai mayar ba.
Muka bi ta gefe, ta ƙarƙashin goruba,
inda masu lambu suka daddaɓe 'yar hanya
ba da niyya ba, da zirga-zirga kawai.

Injin ban ruwa yana tari a cikin ayaba.
Ruwa na bin kwalbati a hankali, kamar mai cin bashi,
yana leƙa kowane fangali na albasa.
Wani mai lambu ya ɗago, laka har gwiwa,
ya miƙo mana lemo biyu, bai tambayi sunanmu ba.
Na ɓare ɗaya. Ƙamshin ya bi yatsuna har gida.

Gabas da mu Taka na tsaye,
duwatsu sulɓaɓɓu kamar tulunan da aka kife.
Shekara sittin da uku ina Kassala
ina ganinsu ta saman buhunan sukari.
Yau na ga inda suka haɗu da ƙasa:
ashe suna da gindi mai sauƙi,
tudu kaɗan-kaɗan, wanda tsoho zai hau
bai roƙi gwiwarsa alfarma ba.

Rumaisa ta ce, Kaka, nawa ne daga nan zuwa Makka?
Na ce kakana Tanimu ya yi wannan tambaya a nan.
Shekara huɗu yana tafe,
ya yi noman auduga a hanya, ya binne ƙane a Wadai,
ya iso nan ya sha ruwan Totil,
ya ce bari in huta kwana biyu.
Kwana biyun ne mu.

Ta yi shiru, ta tsinci wani farin dutse,
ta sa a aljihuna don nata ya huje.

A gindin Totil Onur ya riga ya hura gawayi.
Ya daka gahawa da citta, turmi na amsa masa,
ya tsiyaya daga jabana, siriri kamar zare.
Na ce ban da sukari, likita ta hana.
Ya dube ni kamar na yi saɓo,
ya zuba rabin cokali don kada a ji kunya.
Birai biyu a kan dutse suna lissafin gurasarmu.

Na zauna ina sauraren ƙirjina.
Yana bugawa, ba ya gardama.
Rana ta fara lasar ƙeyar dutse,
ƙasa can lambuna sun yi kore shar
har inda ido ya gaji.

Rabin sa'a ta wuce tun a wajen albasa.
Shago na jira, yaron shago zai ce na ɓata.
Rumaisa ta miƙe tana kaɗe siket:
Gobe mu bi ta ɗaya gaɓar, akwai mangwaro.
Na dafa sanda, na ce Allah ya kai mu.
Dutsenta na bugun cinyata
taku ɗaya, taku ɗaya, har bakin gada.